Jawo Tukuna, Sannan Ka Saki

Ɗana, na kalli aikin nan da ka turo mini har sau biyu. Karon farko a waya na kalla, ina zaune ƙofar gida bayan sallar isha'i, har na ce a raina lallai yaron nan hannunsa ya faɗa. Da gari ya waye na sa ƙaninka ya jona mini shi a talabijin ɗin falo, nan ne na ga abin da waya ta rufa maka asiri a kai. Daidai inda malam ya ɗaga hannu zai yi wa masu sauka addu'a, ka jawo shi kusa. Dabarar ta yi kyau, lokacin ma ya yi daidai. Amma kafin zum ɗin ya kai ƙarshe, fuskar malam ta narke ta yi dishi-dishi, sai allunan da aka jingine a bango bayansa suka fito tar, har zayyanar da ke jikinsu ana iya ƙirga launukanta. Ka ɗauki allo ka bar malam. Na ƙirga irin wannan wuri bakwai a aikin da bai cika minti arba'in ba.

Ba faɗa na zauna yi maka ba. Babanka ya ce mini an ba ka aikin bin tawagar wani hakimi a hawan Sallar bana, ya faɗa yana murna, ni ma na taya shi. Sai dai walima daban, hawa daban. Malam a zaune yake, ka iya gyarawa ka sake. Doki kuwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa na ga gara in gaya maka abin da na sani tun da sauran kwanaki, ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da tawa kunyar, don kada ka zaci Baffanka daga sama ya faɗo da iyawa.

Na fara wannan sana'a ne da kamarorin nan na kafaɗa masu cin kaset ɗin VHS, irin su M7 da M3000 na kamfanin Panasonic, waɗanda lens ɗinsu a manne yake, ba a cire shi. A lokacin, in ka shiga gidan biki a Azare da wannan abu a kafaɗa, yara binka suke yi kamar mai wasa da kura. Zamanin ke nan da fim ɗin Hausa na bidiyo ke tasowa a Kano, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Bayan wasu shekaru aka ba ni aikin wani naɗin sarauta a wani gari can bayan Chinade. Don in burge, sai na aro babbar kamara irin ta gidajen talabijin, mai lens da ake cirewa a mayar. Na ɗaure ta a bayan babur, muka sha gargada har muka isa. Na yi duk abin da na saba: in jawo fuskar mutum, in murɗa fokas har ta fito, in saki. A ɗan madubin leƙen nan mai baƙi da fari komai lafiya lau.

Da na kai musu aikin, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka kunna janareta, dattawan gidan suka zauna. Duk inda na jawo fuska, sai a ce masha Allah. Duk inda na buɗe don a ga yawan jama'a, da dawakai, da rumfar baƙi, sai hoton ya koma kamar an shafa masa man shanu. Wani tsoho da ke gefe ya gyara zama ya ce, “Malam mai hoto, ashe ranar nan hazo aka yi ban lura ba?” Tsakiyar bazara aka yi naɗin. Ba wanda ya yi dariya, wannan ma ya fi yi mini ciwo. Abin da mai naɗin ya fi so a gani, wato taron da ya amsa gayyatarsa, shi ne abin da na lalata.

Sai daga baya wani tsohon ma'aikacin talabijin da ya zo aiki daga Bauchi ya karɓi kamarar, ya juya ta, ya nuna mini wani ɗan zobe a gindin lens, dab da inda yake haɗuwa da jikin kamara, da 'yar ƙusa mai murfi da ke riƙe shi. Ƙusar ta kwance a hanya, zoben ya gusa. Gusawar da in ba an nuna maka ba, ba za ka ce an taɓa shi ba. Ranar na fara jin sunan bakfokas.

To, abin da ya same ni da abin da ya same ka 'yan uwan juna ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Kafin ka rarrabe su sai ka san abin da ke faruwa cikin bututun nan da kake murɗawa.

Lens mai zum ba gilashi ɗaya ba ne. Gilasai ne rututu, sukan kai goma sha biyar ko ashirin, an kasa su rukuni-rukuni. A irin na talabijin, rukunin gaba shi ke da fokas. Na bayansa shi ke zamewa gaba da baya yana ƙara girman hoto ko yana rage shi. Matsalar ita ce duk sa'ad da wannan na biyun ya motsa, wurin da hoton ke haɗuwa ya fito tar shi ma sai ya gusa, ya bar kan sensa. Don haka aka sa rukuni na uku, wanda ba shi da wani aiki sai bin na biyun yana gyara ɓarnarsa, yana tafiya a kan wata hanya da aka sassaƙa masa a jikin ƙarfe daidai wa daida. Ka ɗauka mutum biyu ne suka ɗauko gado za su fita da shi ta ƙofa: in na gaba ya karkata, dole na baya ya karkata gwargwadonsa, in ba haka ba gado ya daki bango. Lens ɗin da wannan tafiya tasa ta daidaita daga farkon zum har ƙarshe, shi ne masu sana'a ke ce wa farfokal, ni kuwa ina ce masa mai riƙon amana. Ka ba shi fokas sau ɗaya, ya riƙe maka. Wanda ba a yi masa wannan wahalar ba, sunansa barifokal: kana taɓa zum, fokas ya zube, sai ka sake nema.

Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. Masu ɗaukar fim na da, lens uku suke ɗaurawa a kan wani faifai a gaban kamara, in suna son kusa su juya faifan. Wani Bafaranshe, Pierre Angénieux, shi ne ya fito da zum mai ninki goma, daga milimita 12 zuwa 120, wanda ke riƙe fokas, har masu ba da kyautar Oska a Amurka suka ba shi lambar fasaha ta shekarar 1964 a kan wannan aiki. Yau ma in ka ji kuɗin lens ɗin Fujinon ko Canon na gidajen talabijin sai ka riƙe baki, kuma kaso mai yawa na kuɗin nan na riƙon amanar ne.

Naka fa? Naka lens ɗin hoto ne, ba na bidiyo ba. Tun da Canon ta fito da 5D Mark II a 2008, aka ga kamarar hoto na iya ɗaukar bidiyo mai kyau da arha, sai duniya ta koma can, har da mu. Ba laifi, ni ma na ga kyan hoton. Amma wanda ya ƙera lens ɗin hoto, mai hoto ya sa a gaba: mutumin da zai yi zum, ya nemi fokas, ya danna, ya sauke hannu. Ba ruwansa da abin da ke faruwa a tsakiyar murɗawa, don ba a ɗaukar komai a lokacin. Saboda haka yawancin irin waɗannan lens ba su yi maka alkawarin riƙe fokas ba. Akwai waɗanda suke kusan riƙewa, akwai waɗanda suke saki warwas, har ma guda biyu masu suna ɗaya sukan sha bamban. Babu mai gaya maka halin naka, sai ka gwada shi da kanka.

Amma ko da an ba ka lens mafi tsada a duniya, da yadda ka yi a walimar nan, sai malam ya narke. Ga inda ka kauce. Ka nemi fokas kana buɗe, kana ganin zauren gaba ɗaya, sannan ka jawo. Kamata ya yi ka juya abin: ka jawo har ƙarshe tukuna, ka nemi fokas a kan idon mutum, sannan ka saki zuwa faɗin da kake so, ka fara ɗauka. In buƙatar jawowa ta taso a tsakiyar addu'a, fokas na can yana jiranka.

Dalilin ba boyayye ba ne. Duk inda ka ajiye fokas, akwai wani ziri gabansa da bayansa wanda abin da ke ciki yake fita tar. Faɗin zirin nan ba ɗaya ba ne kullum. Ɗauki kamararka mai babban sensa, ka buɗe ƙofar haske a f/2.8, mutum yana tsaye mita 10 daga gare ka. A milimita 24, tun daga wajen mita 4 har iya ganinka komai zai fito. Kana iya kuskuren taku biyar, hoto bai nuna ba. Jawo shi zuwa milimita 200 ba tare da ka gusa ba: zirin ya tsuke ya koma wajen santimita 40, bai cika kamu ɗaya ba. In mutumin ya matso zuwa mita 5, abin da ya rage santimita 10 ne, rabin taƙi. Ka ga ke nan buɗaɗɗen hoto ɗan daɗin baki ne, ko ka yi daidai ko ba ka yi ba, cewa zai yi ka yi. Jawowa ita ce mai faɗa maka gaskiya ko da ɗaci. A walimar nan tun farko fokas ɗinka a kan bango yake, faɗin hoton ne ya rufe, da ka jawo sai asiri ya tonu.

Nawa kuskuren kuwa ta ɗaya gefen ya ɓullo: kusa tar, nesa hazo. Duk ranar da ka ga haka, alhali ka bi ƙa'ida, to ka zargi tazarar da ke tsakanin gindin lens da sensa. Kada ka ce wannan matsalar masu manyan kamarori ce, domin na lura da adaftar da ka saka tsakanin lens ɗinka da kamara. Lens ɗin Canon na EF an yi shi ne ya zauna milimita 44 daga sensa, kamarar Sony mai bakin E kuwa milimita 18 ne nata, ke nan aikin adafta shi ne ta cike milimita 26 cif. A ce ta zarce da kaurin takarda ɗaya, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. Lens ɗin da ka saita ya hango ƙarshen gari, a milimita 200 fokas ɗinsa zai dawo wajen mita 400, ba mai lura. A milimita 24 kuwa, wannan kaurin takardar dai zai dawo da shi ƙasa da mita 6. Kana sakin zum, fokas ya baro inda ka ajiye shi ya taho gabanka. Ga shi adafta mai arha takan yi ɗan girgiɗi, yau nan gobe can. Riƙe lens ɗin ka ɗan jijjiga shi a hankali. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, kada ka je hawa da ita.

Gwajin ba wuya. Akwai wata takarda mai zanen tauraro, baƙi da fari, tsinkayensa duk sun taru a cibiya, ana ce mata tauraron Siemens. Amfaninta shi ne cibiyar takan dunƙule ta zama toka-toka in fokas ya kauce ko kaɗan, ta kuma tsuke in ya zauna. In babu ita, shafin jarida ma ya isa. A liƙa a bango, a kafa kamara a kan ƙafarta kamar mita 3 ko fiye, a buɗe ƙofar haske har ƙarshe, don a nan ne lens ba ya iya ɓoye aibinsa. A kashe oto, wato neman fokas da kamara ke yi da kanta. A jawo har ƙarshe, a nemi fokas, a saki a hankali ana ɗauka. A manyan lens na talabijin, in an ga faɗin bai fito ba, sai a sassauta ƙusar nan ta baya, a murɗa zoben har ya fito, a sake jawowa a gyara na gaba, a sake saki a gyara na baya, sau biyu ko uku har su yarda da juna, sannan a ɗaure. Naka ba shi da wannan zobe, ba abin da za ka gyara. Abin da za ka samu shi ne sani: daga ina zuwa ina yake riƙewa, a ina yake saki. Wataƙila ka tarar daga 200 zuwa 135 lafiya, daga nan ya fara zamewa. To ka san iyakar gonarka. In kuwa ka ga ba ya riƙewa sam, sai ka haƙura da zum a cikin ɗauka. Ka ɗauki faɗi, ka tsaya, ka jawo, ka nemi fokas, ka ɗauki kusa, a wajen tacewa a haɗa. Ni a ganina ma hakan ya fi kyan kallo. Yawan zuƙowa da turawa da samarinmu ke yi a bidiyon biki, kamar mai jan guga, jiri kawai yake sa mutane.

Kuma kada ka yanke hukunci a kan ɗan allon kamara mai inci 3. Mu a zamaninmu mun ci sa'a: VHS layi wajen 240 kawai yake iya rarrabewa, talabijin ɗin ma ƙanana ne, ƙaramin kuskure yakan ɓace a cikin dusar kaset. Kai kuwa kana ɗaukar 1920 sau 1080, wani lokaci 3840 sau 2160, a je a kalla a allon da ya kusa faɗin ƙofa. Abin da ya wuce mini salin-alin, kai sai ya tsaya maka a tsakar falo. Kamararka na da maɓallin da ke ƙara girman tsakiyar hoto don duba fokas, tana kuma da jan zaren nan da ke bin gefen abin da ya fito, wanda kuke ce wa fikin. Yi amfani da su, amma ka fi yarda da na farkon. Jan zaren yakan yi rawa a kan duk abin da ke da ƙyalli, ko bai gama fitowa ba.

Yanzu mu zo kan dawakai, don nan ne zancen yake.

Dokin da aka sake wa linzami yakan yi kilomita 40 a awa, wato wajen mita 11 a daƙiƙa ɗaya. Kamararka hoto 25 take ɗauka a daƙiƙa. Raba ka gani: tsakanin hoto ɗaya da mai bi masa, dokin ya ci santimita 40 da ɗoriya. Ka tuna zirin nan da bai cika kamu ba? Kafin ƙiftawar ido ya shige shi ya fita. Ko a tsaye yake ma, daga hancin doki zuwa fuskar mahayi ya fi mita guda, ga tunku da kayan ado suna ɗaukar ido. Sai ka dawo gida da hancin doki tar, hakimin da ya biya ka kuwa ba a gane shi. Babu hannun da zai bi doki mai zuwa gaba-gadi a milimita 200 da ƙofar haske a wangale, sai wanda ya shekara yana wannan kaɗai, shi ma a manyan wuraren ɗaukar fim mutum guda ake warewa ba ya komai sai murɗa fokas.

Abin da za ka yi shi ne ka rage kwaɗayi. Sauko zuwa milimita 100, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, ka ajiye fokas a mita 20. Zirinka ya buɗe ke nan tun daga wajen mita 14 har kusan 38. Doki ya shigo ciki ya yi ta gudu, kai naka bin sa da hoto kawai. Ka riga jama'a zuwa filin. Ka duba inda masu jahi suka saba ja da linzami su ɗaga hannu, ai wurin ba ya ɓata, ƙasar ma a tone take. Ka sa ƙaninka ya tsaya a nan, ka jawo fuskarsa, ka nemi fokas, ka liƙa 'yar farar takarda a zoben ka yi alama da biro. Ka yi ta biyu a inda tawaga za ta ɓullo. Alama biyu sun ishe ka. In hawa ya kankama, kakaki na tashi, bindigogi na amsawa, ƙura ta turnuƙe, ba lokacin lissafi ba ne, sai dai hannu ya tafi inda ya riga ya sani.

Na san abin da za ka ce: Baffa, ai yanzu kamara da kanta take nema. Haka ne, kuma ba na cikin tsofaffin da ke zagin oto don ba su tashi da shi ba. Tun da Canon ta kawo tsarin Dual Pixel a kamarar 70D a 2013, abin ya canza ƙwarai, na yanzu ma har ido suke bi. In hira kake ɗauka, ko amarya na tahowa ita da ƙawa ɗaya, bar shi ya yi aikinsa, ya fi hannuna sauri. Amma oto bai san sarauta ba. Fuska yake nema, kuma duk wadda ta fi kusa ta fi fili ita ce tasa. Sarki yana ƙarƙashin laima, fuskarsa a inuwa, rawani ya sauko, amawali ya rufe baki, ido kawai ake gani. Dogari ya gitta da jar riga, fuska a buɗe cikin rana. Wa kake jin zai zaɓa? Ga masu, ga mafitai, ga wanda zai ɗaga waya a gabanka. Ƙura kuma in ta tashi takan dusashe bambancin haske da duhu, wanda da shi na'urar ke gane ta isa, sai ka ga tana kai da kawo kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Ni shawarata, ka bar oto ya kama maka, da ya kama ka kashe shi, ka riƙe da hannu.

Sai rana. Ranar Azare ba sai na ba ka labari ba, a watan Afrilu takan haura digiri 40. Idan ka bar shata a 1/50 yadda ya dace da hoto 25, ISO a 100, tsakar rana kamara za ta nemi f/22. Za ka ce to madalla, ziri ya ƙara faɗi. A'a. In ƙofar ta tsuke da yawa, haske yakan tarwatse a bakinta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ba inda ya fito sosai, kuma duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa sai ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. Maganinsa baƙin gilashin rage haske da ake ɗaurawa a gaba, wanda muke ce wa endi. Mai lamba 8 zai sauko da kai daga f/22 zuwa f/8, daidai inda muke so. In ba ka da shi, ka aika Kano a sayo maka tun yanzu, ka duba faɗin bakin lens ɗinka kafin ka aika. Akwai kuma abin da ba gilashin da ke maganinsa: in ƙasa ta ɗau zafi, ka jawo abu daga nesa sosai, za ka ga hoton na rawa kamar kawalwalniya a kan kwalta. Wannan ba fokas ba ne, iska ce mai zafi tsakaninka da abin. Kada ka yi ta murɗa zobe kana ɓata wanda ka riga ka samu. Matsawa za ka yi, in da halin matsawa, ba tare da ka shiga gaban dawakai ko ka tsallake inda dogarai suka tsayar da jama'a ba. Gaishe su tun da safe, ka gaya musu wanda ya aiko ka, za ka ga sun nuna maka wurin tsayawa da ya fi wanda ka zaɓa.

Wani ɗan abu kuma da ba a cika faɗa ba. A gefen madubin leƙe akwai ɗan gare da ake murɗawa don ya dace da idon mai kamara. Idan wani ya ari kamararka, da wuya ya dawo da ita bai taɓa shi ba. Ba hoton za ka kalla ka saita shi ba, rubutu da lambobin da ke cikin madubin za ka kalla har su fito tar. Ni da na haura arba'in na yi wata biyu ina zargin lens, ashe idona ne ya fara neman tabarau.

Ka san marigayi Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar ya yi shekara 37 a kan gado, daga 1980 har rasuwarsa a Disambar 2017. Bayan rasuwar, mutane sun yi ta zuwa wurina suna tambayar tsofaffin kaset na hawa. Abin da ya ba ni mamaki, ba Sarki kaɗai suke nema ba. Wani zai ce a tsayar a nan, a koma baya kaɗan, wancan na uku a kan akawal mahaifina ne. Sai mu tsayar, ya matso dab da talabijin, ya daɗe yana kallo. A wasu kaset ɗin fuskar na nan, har murmushin. A wasu kuwa rawani ne kawai da inuwa a ƙarƙashinsa, ya ce ai shi ne, na gane zaman sirdinsa, ya yi godiya ya tafi. Wanda za ka ɗauka bana a zamanin Mai Martaba Alhaji Umar Faruq na Biyu, akwai yaron da yanzu ake goye da shi a bakin fili, wata rana shi zai zo yana cewa a tsayar a nan.

Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin rana ta bar bangon tsakar gida. Ka taho da lens ɗin duka biyu, da adaftar, da ƙafar kamara, ka cika batir. Takardar tauraron na nan cikin akwatina, ta ɗan yi ja amma tana aiki. Ka zo da wayar da ke haɗa kamara da talabijin, don a babban allo za mu duba, ba a naka ba. In mun gama da bango, sai mu fita bayan gari, ƙaninka ya hau keke ya riƙa tahowa da gudu kana gwada alamominka, har magariba in ta kama. Ka gaida Innarka, ka ce mata tabarauna da na manta a kan taga ranar suna, ta ba ka ka taho mini da shi.